AKWATIN KIƊA NA MOTA: AIKIN DA MAI GYARAN REDIYO NA MATANKARI ZAI IYA YI DA HANNUNSA

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a Matankari ya nufi Dogondutsi, daga can ya hau guduro zuwa Doso da Yamai, ya san tafiyar ba ta kusa ba ce. Daga Matankari zuwa Dutsi bai kai kilomita 20 ba, amma daga Dutsi zuwa Yamai ya fi kilomita 270. Awa huɗu ko biyar ke nan mutum yana zaune, gwiwa tana gugar gwiwa. A irin wannan tafiya kiɗa yana da amfani ƙwarai. Shi ke hana direba gyangyaɗi, shi ke rage wa fasinja nisan hanya.

To, amma ku dubi gaban tsofaffin motocinmu, irin su Fijo 504 da Hiyas. Rediyo mai kaset yana nan cikin gurbinsa, ya yi shiru. Ƴar robar da ke juya kaset ta tsinke ko ta narke, irinta kuma ta yi wuyar samu. Tashar FM kuwa, da zarar an yi nisa da gari sai muryarta ta dushe. Sai ka ga direba ya jingina wayarsa jikin gilashi, ƴar muryarta tana kokowa da ƙarar inji. Kaset ɗin da ya gada wurin maigidansa suna can gida cikin kwali, zafi da ƙura suna cin su.

Saboda haka yau za mu yi bayani a kan ƙaramar kwamfuta wadda mutum zai haɗa da kansa, ya ɗaura ta a mota, ta riƙa karanto masa waƙoƙi daga kati. Aiki ne da bai fi ƙarfin masu gyaran rediyo da makanikai na ƙasar Arawa ba. Kuma ta wannan hanya muryoyin da ke kwance cikin kaset za su sake hawa mota kafin su ɓace.

DAGA KASET ZUWA KATI

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset a shekarar 1963. A shekarun 1970 da 1980 ya game ƙasarmu, ƴan kasuwa da ƴan ci-rani suna shigowa da shi. Babbar falalarsa ita ce, duk mai rediyo yana iya ɗaukar murya da kansa. In ana kokowar ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ko ana bikin matasa na zamanin Samariya, mutane sukan danna maɓalli su ɗauka daga Muryar Sahel. In ana biki a ƙauye, mai goge ko mai kalangu yana wasa, wani yakan ajiye rediyonsa a gefe ya ɗauka. Da haka aka tara dukiya wadda babu ita a kowane kanti. Sai dai kaset yana da rauni. Wanda ake kira C90 minti 45 kawai yake ɗauka a kowane gefe. Rana tana lanƙwasa shi, inji yana cinye zarensa, har sai an nemo bik an naɗe.

Kati kuwa da lambobi yake ajiye sauti. Ga yadda abin yake. Na'ura tana auna ƙarfin sauti sau 44,100 a cikin daƙiƙa ɗaya, ta rubuta kowane awo da lamba. Haka ake yi a faifan CD. Amma lambobin suna da yawa: minti ɗaya yakan ci wuri kimanin megabait 10. Sai masana na cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka nemo dabarar rage su. Sun lura kunnen ɗan Adam ba ya jin kome da kome. In ganga ta yi ƙara, ƙaramin sautin da ya zo tare da ita yakan ɓuya. Sai suka koya wa na'ura ta zubar da abin da kunne ba ya ji, kamar yadda mace ke sheƙe gero, iska ta tafi da ƙaiƙayi, tsaba ta zauna. An amince da wannan tsari a 1993, aka raɗa wa irin waɗannan waƙoƙi suna MP3 a 1995.

Da wannan dabara minti ɗaya ya koma kimanin megabait 1. Ke nan katin memori mai gigabait 32, wanda bai fi farcen ɗan yatsa girma ba, yana ɗaukar kiɗan awa 500, watau abin da ya fi kaset 300 na C90.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Bayan ƴan shekaru wayoyi masu kati da Bluetooth suka yawaita, masu tura waƙa suka kafa tebur a kasuwanni da tashoshin mota. Wannan hanya ta ɗaga mawaƙa da yawa. Mdou Moctar, Buzu ɗan jahar Tawa, ya naɗi waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008. Ba kamfani ya watsa su ba, daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya har Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su, ya nemo mai su. Yau yana wasa a Turai da Amurka. Abin lura a tarihinsa shi ne, gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke.

WAƊANDA SUKA FARA

A 1998 babu rediyon mota mai karanta MP3 a kasuwa. Masu sha'awa a Turai da Amurka sai suka riƙa ɗaukar babbar kwamfuta ta ofis, su sa ta a bayan mota, su ja waya zuwa gaba. Wani injiniya ɗan Ingila, Hugo Fiennes, ya haɗa tasa a wannan shekara, ya ɗaura ta cikin motarsa ƙirar Mazda MX-5. Mutane suka yi ta tambayarsa, har shi da abokansa suka kafa kamfani. A 1999 suka fito da rediyon mota mai suna empeg, wanda kwamfuta ce sosai mai aiki da tsarin Linux. Kuɗinsa ya haura dala 1000, dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A 2000 kamfanin SONICblue na Amurka ya saye su, ya sake wa rediyon suna Rio Car, a 2001 kuma aka daina yin sa. Tsada ta yi masa yawa.

Abin da ya sauya lamarin ya zo a 2012, lokacin da Eben Upton da abokan aikinsa a garin Kambirij na Ingila suka fito da Raspberry Pi. Kwamfuta ce a kan ƙaramin allo ɗaya wanda bai cika tafin hannu ba. Don ƴan lakwal su koyi aikin kwamfuta aka yi ta, aka sa mata kuɗi dalar Amurka 35. A 2015 aka fito da ƙanwarta, Pi Zero, a kan dala 5. A cikin shekarun nan kuma masana'antun ƙasar Sin suka cika duniya da ƙananan alluna masu karanta MP3. Abin da jiya sai mai hali a Turai, yau ya sauko hannun talaka.

HANYA UKU

Hanya ta farko, ita ce mafi sauƙi: allon MP3 na Sin. Yana da ramin kati, da ramin USB, da FM, wani har da Bluetooth da ƴar rimot. Ƙwaƙwalwarsa aiki ɗaya ta sani, amma tana yin sa da kyau: ana ba shi wuta yake fara kiɗa. Ana samun sa wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo a manyan kasuwanni, irin na Yamai, Maraɗi, Sakkwato da Kano. A duba jikinsa kafin a saya, domin akwai mai cin bolt 5, akwai mai cin bolt 12. Wanda bai taɓa irin wannan aiki ba, da shi ya kamata ya fara.

Hanya ta biyu: tsohuwar waya mai Android wadda aka daina kira da ita. Ita ma kwamfuta ce, da gilashinta da katinta. Aibinta batirinta. Batirin waya ba ya jure zafin mota, yakan kumbura, wani lokaci ya kama wuta. Wanda ya zaɓi wannan hanya, kada ya bar wayar cikin mota in ya ajiye ta a rana.

Hanya ta uku: Raspberry Pi. Ta fi wuya, tana kuma ɗaukar kusan rabin minti kafin ta farka. Amma tana riƙe dubban waƙoƙi a tsare, tana tuna inda aka tsaya, ana kuma iya koya mata sabon aiki. Akwai manhajoji na kyauta da aka shirya domin kiɗa, kamar Volumio da moOde da MPD. Sau ɗaya ake bukatar intanet, ranar da za a sauko da manhajar. A sani Pi 3 da Pi 4 suna da ramin sauti irin na abin sawa a kunne, amma Pi Zero da Pi 5 ba su da shi, sai an ƙara musu ƴar na'urar sauti ta USB.

Kayan da za a tanada su ne:

1. Allon da aka zaɓa, da katin memori mai kyau.
2. Na'urar rage wuta daga bolt 12 zuwa bolt 5, mai ba da amfa 3.
3. Fis, wanda makanikanmu ke kira fizibil, tare da gidansa.
4. Amfili, watau na'urar ƙara sauti, in na tsohon rediyo ya mutu.
5. Maɓallai manya guda huɗu.
6. Waya mai kauri, da dalma da ƙarfen narka ta, da salatif.
7. Mitar awon wuta.
8. Akwati na roba ko na katako.

WUTAR MOTA: NAN GIZO KE SAƘA

Yawancin akwatunan da suka lalace, ba kwamfutar ce ta gaza ba, wuta ce ta kashe su. Muna cewa batirin mota bolt 12 ne, amma ba ya tsayawa a nan. In ya cika, mota tana kashe, yana ba da kimanin 12.6. In inji yana tafiya, dinamo yana cika shi, yakan kai 14.4. Lokacin da ake tayar da mota kuwa yakan faɗi zuwa 10 ko 9. In kuma kan batiri ya yi sako-sako a hanya mai gargada, wuta takan yi tsalle fiye da haka nesa. Raspberry Pi kuwa bolt 5 take so, ba ƙari ba ragi. Wanda ya haɗa ta kai tsaye da batiri, nan take zai ƙone ta.

Don haka ake sa na'urar rage wuta a tsakani. Masu gyaran rediyo sun saba da 7805, amma a nan bai dace ba: rarar wutar yake mayarwa zafi, sai ya yi ta ƙuna. Gara irin LM2596 da ƴan uwansa, masu yanka wutar gutsi-gutsi da sauri, ba su ɓarna da yawa. Suna da ɗan noti da ake murzawa. Kafin a haɗa kwamfuta, a sa mita a bakin fitar wuta, a murza har ta nuna 5 ko 5.1. Kada a yarda da yadda aka sayo shi. Masu kamiyo kuma su tuna tasu wutar bolt 24 ce, sai su duba na'urar da amfili duka suna ɗaukar haka.

Sa'an nan a kiyaye waɗannan ƙa'idodi.

Kafin a taɓa kowace waya, a cire kan batiri na baƙar waya, watau mai alamar ragi.

A sa fis kusa da inda aka ɗebo wutar. Mai amfa 2 ko 3 ya isa kwamfuta, amfili kuma a ba shi nasa daban. Batirin mota yana iya tura ɗaruruwan amfa. In waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, babu fis, za ta yi ja kamar garwashi, robarta ta kama, mota mai ɗauke da mutane da jarkar mai ta zama abin tsoro. Al'adar nan ta naɗa ƴar waya ko takardar sigari a madadin fis, a bar ta. Rigakafi ya fi magani.

A san wayar da za a ɗebo wuta daga gare ta. A bayan yawancin rediyon mota akwai uku: rawaya mai wuta kullum, ja mai wuta in an murza makulli, baƙa ta jikin mota. Tsofaffin motocinmu sun sha hannu, saboda haka a gwada da mita, kada a dogara da launi. A ɗauki mai bin makulli. Dalili kuwa lissafi ne. Kwamfutar da ke cin wat 3 tana jan rubu'in amfa ɗaya daga batiri. A kwana ɗaya ta sha 6 daga cikin 60 da matsakaicin batiri ke riƙewa. In mota ta kwana biyar a ajiye, rabin batiri ya tafi, ranar kasuwa sai turi.

Amma wayar makulli tana da nata aibi. Da an kashe mota wuta take yankewa, a motoci da yawa ma tana yankewa lokacin tayarwa. In wuta ta yanke Raspberry Pi tana cikin rubutu a katinta, katin yakan rikice, gobe ta ƙi farkawa. Maganin abin shi ne a gyara ta yadda za ta riƙa karanta katinta kawai, ba ta rubuta kome a kai. Tsarin Raspberry Pi OS yana da wurin zaɓar haka. Waƙoƙi kuma a zuba su a filas na USB daban. Allon MP3 na Sin bai cika samun wannan matsala ba, tun da karatu ne aikinsa.

Wani lokaci bayan an gama sai a ji wani siririn kuka cikin lasifika, yana hawa in an taka totur, yana sauka in an saki. Kukan dinamo ne ya bi waya ya shigo. A haɗa baƙar wayar kwamfuta da ta amfili a noti ɗaya, a kankare fenti da tsatsa a wurin, a gajarta wayar sauti, a nisanta ta da wayoyin wuta. In bai daina ba, akwai ƴar na'ura mai raba tsakani da ake sawa a kan wayar sauti.

YADDA SAUTI KE ISA LASIFIKA

In rediyon mota yana da ramin AUX, waya ɗaya ta gama aiki. In injin kaset yana juyawa, akwai kaset na ƙarya mai wutsiyar waya, a sa shi ciki. Akwai kuma ƴar na'ura mai watsa kiɗan a kan FM, rediyo ya kama, sai dai sautinta bai cika tsabta ba. Hanyar da ta fi inganci ita ce ta mai gyaran rediyo: ya buɗe tsohon rediyon, ya yanke hanyar da sautin kaset ke bi, ya liƙa wayar sabon akwati a wajen abin ƙara murya. Da haka tsohon amfili da tsofaffin lasifika za su ci gaba da aiki. In amfilin ya mutu, a sa sabo, irin mai TDA7388, wanda ke ɗaukar lasifika huɗu masu om 4.

ZAFI, ƘURA DA GARGADA

Waɗanda suka ƙera waɗannan alluna ba su san bazarar Dallol Mawri ba. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Motar da aka rufe a rana, cikinta yana haura 60, ƙarƙashin gilashin gaba ya fi haka. Raspberry Pi tana rage gudu da kanta in ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 80. Saboda haka kada a ɗaura akwati a saman gaban mota. A sa shi ƙarƙashin kujera ko wani lungu mai inuwa da iska. A manna wa ƙwaƙwalwar ɗan ƙarfen sanholo mai haƙora, ya riƙa shan zafin.

Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. A huda ramukan shan iska ta ƙasa da gefe, ban da sama, a rufe su da ƙyalle mai shara-shara. In ana iya rayuwa ba fanka, ya fi, domin fanka ƙura take zuƙowa.

Gargada kuwa, hanyoyin ƙauyukanmu na jar ƙasa da rairayi sun isa gwaji. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ba ta wata ɗaya. A liƙa kowace mahaɗa da dalma. A ɗaure allo da noti, a shimfiɗa masa yankin tsohon tiyub a ƙasa. A guji tsohon faifan kwamfuta mai juyawa: shi ne ya wahalar da mutanen 1998, kati kuwa ba shi da abin da ke motsi.

A kuma yi hattara da katin jabu. Akwai wanda aka rubuta masa gigabait 64, alhali cikinsa bai kai 8 ba. Yana karɓar waƙa kamar gaske, daga baya ya cinye ta farko. A cika shi, a saurari farko da ƙarshe kafin a yarda da shi.

IDON DIREBA NA HANYA NE

Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa huɗu yana neman waƙa ya yi tafiyar mita 100 ido rufe, a hanyar da amalanke da shanu da yara ke ratsawa. Wannan shi ne babban fifikon akwatin da aka haɗa da hannu a kan waya: ana yi masa maɓallai manya waɗanda yatsa ke ganewa ba sai an duba ba. Guda huɗu sun isa: tsaya, gaba, baya, sauya rukuni. A tsara waƙoƙi rukuni-rukuni da lamba tun daga gida: 01 karatun Alƙur'ani da wa'azi, 02 kiɗan gargajiya, 03 waƙoƙin zamani, 04 darussan noma da kiwon lafiya. Kada kuma a ƙure murya har a kasa jin odar wata mota.

ME ZA A ZUBA A CIKI?

Wani zai ce: ai kasuwa cike take da sababbin rediyon mota masu kati, don me zan wahala? Gaskiya ne, mai hali ya saya. Amma wanda ya haɗa da hannunsa ya san cikinsa, in ya lalace a Matankari a Matankari za a gyara shi. Ban da haka, wanda ya iya wannan aiki ya kama hanyar iya wanda ya fi shi muhimmanci, watau mayar da kaset zuwa kati.

Ku je wurin mai tura waƙa ku duba. Za ku sami waƙoƙin fim na Kano, da na Indiya, da Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. Waɗannan ba za su ɓata ba, suna hannun dubban mutane. Amma ku tambaye shi kirarin ƴan kokowar Arewa na da, ko kiɗan noma na gayya, ko gogen ƙauyenku, ko waƙar da ƴan matan Samariya ta garinku suka yi. Da wuya ku samu. Matankari tsohuwar cibiyar sarautar Arewa ce, maroƙa da makaɗa sun rayu a ƙofar fadarta. Abin da aka ɗauka na muryoyinsu, wani yana cikin kaset ɗaya tak, a gidan tsoho ɗaya. Ranar da zaren ya manne, ko magada suka share ɗaki, shi ke nan.

Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so. A nemi rediyo mai kaset wanda ke juyawa daidai. A goge kansa da auduga da alkol na asibiti. A ɓalle ƴan kunnuwan da ke saman kaset, don kada a danna ɗauka bisa kuskure a shafe shi. A juya zaren da bik daga farko zuwa ƙarshe, a tabbata bai manne ba. A ja waya daga ramin abin sawa a kunne zuwa kwamfuta ta tebur, a ɗauka da manhajar kyauta mai suna Audacity. Babu gajerar hanya: kaset na minti 90, minti 90 zai ci. A ajiye kwafi ɗaya cikakke, irin wanda ake kira WAV, wanda ba a rage masa kome ba, sa'an nan a fitar da MP3 domin mota.

Sai abin da ya fi kome: a rubuta. Sunan mawaƙi, garinsa, irin kiɗan, bikin da aka yi, shekarar in an tuna, da sunan wanda ya ɗauka. A tambayi mai kaset tun yana da rai. Nan ne waɗanda suka yi yaƙi da jahilci za su nuna amfanin alƙalaminsu, domin muryar da ba ta da suna, bayan shekara ashirin ba wanda zai san mai ita. A kuma sani kati ba rumbu ba ne, yana mutuwa ba sallama. A yi kwafi uku a wurare uku, kaset ɗin kuma a mayar wa mai shi, kada a yar.

Haƙƙin mai waƙa yana nan. In yana da rai a nemi izininsa, in ya rasu a nemi na iyalinsa. Adanawa daban, sayarwa daban. Wanda zai yi ciniki da waƙar wani, ya bi ta ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, da ke Yamai.

KIRA GA HUKUMOMI

Wannan aiki yana da tushe a ƙasarmu. Tun 1962 ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar ta riƙa aika mutanenta ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, ana jin muryar manomi a gidan rediyo. A Yamai akwai cibiyar IRSH ta binciken al'adu da tarihi, da cibiyar CELHTO wadda aka kafa a 1968 domin tattara tarihin baka. Abin da jiya sai da na'ura mai tsada da ma'aikaci daga babban birni, yau saurayi mai kwamfuta ɗaya zai yi shi a garinsu.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi na Dogondutsi da Tibiri, da sarakuna, da malaman cibiyoyin koyon sana'a. A sa haɗa wannan akwati cikin abin da ake koya wa yara masu koyon lantarki da kanikanci: a cikinsa akwai awon wuta, da liƙi, da lissafi, da aikin kwamfuta. A ware tebur ɗaya da kwamfuta ɗaya inda mai tsohon kaset zai kawo, a juya masa, ya koma da abinsa. A aika kwafi ga cibiyoyin Yamai, a bai wa direbobin tasha nasu bisa yardar masu waƙa.

Ku kuma ƴan uwa direbobi da masu gyaran rediyo, ku fara da ƙaramin allo, da fis, da mita. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ke da kwalin kaset a ɗaki, ya fito da shi tun kafin bazara mai zuwa.